Goran Inna

Shekarar da Inna ta rasu ina da shekara tara, kuma a lokacin na kamu da son wani katun da muke kallo a shagon mai aski a Fadaman Mada. A ciki akwai wani yaro mai jan gashi da ke goye da gora cike da yashi. Duk wanda ya kawo masa duka, yashin ne ke tashi ya tare, wai mahaifiyarsa da ta mutu ce ke kare shi. In ya miƙa hannu ya dunƙule, sai yashin ya naɗe maƙiyinsa ya murƙushe shi.

Na ɗauko goran da Inna ke kaɗa nono a ciki, na cika shi da yashin ginin Baffa, ƙanin mahaifina, na goya da tsohon ɗankwalinta.

Bayan la'asar Baffa ya same ni a bakin tulin yashin. Ya fizge goran, ya taka shi har ya fashe, a gaban leburorinsa.

Ya ce, "Uwar taka da ta kasa kare kanta, ita za ta kare ka?"

Na miƙa masa hannu, na dunƙule da dukan ƙarfina. Ko ƙwayar yashi ɗaya ba ta motsa ba. Leburori suka kwashe da dariya.

Yanzu Baffa ya tsufa. Duk Sallah nakan je in durƙusa in gaishe shi, yana ta yabon ladabina. Bai taɓa tambayar abin da ya sa hannuna na dama ba ya fita daga aljihu ba. Har yau a dunƙule yake.