Ɗalibar da Ta Koma Koyon Baƙi

"Malama, ki goge sunan ɗalibar nan taki yau," in ji hedimasta daga bakin ƙofa. "Wata biyu ke nan da rasuwarta, akwai mai jiran gurbin."

Malama ta ce to. Ta buɗe manhajar ajinta, wadda ke auna kowane ɗalibi ta ba shi darasi daidai ƙarfinsa. Tun ranar jana'iza ba ta leƙa shafin yarinyar ba.

An shiga jiya. An shiga shekaranjiya. Kullum ana shiga ana faɗuwa, manhajar tana sassautawa, har ta sauko da yarinyar da ke zuwa ta ɗaya daga rubutun insha'i zuwa a, ba, ca.

Ta kira uban yarinyar a waya.

"Baba, yara na wasa da shafin marigayiya. Za mu rufe."

Ta ji ƙarar injin walda ta tsaya.

"Ba yara ba ne, Malama, ni ne da furfurata. Abin nan ya fi ku haƙuri. Ko sau goma na kasa, ba ya tsaki."

"Me ya kai ka?"

"A gadon asibiti ta rubuta mini takarda. Ba na son jin ta daga bakin wani. Jiya na haɗa layin farko. Saura tara."

Malama ta ajiye wayar. Hedimasta ya sake leƙowa.

"Kin goge?"

Ba ta ɗago kai ba.

"Ba a korar ɗalibar da ba ta fashi," ta ce. Ta jawo rajista ta sa mata alamar ta zo.