Ranar da Kowa Ya Nemi Guduma

To, Sadisu, Allah ya sanya alheri, ya sa ka shiga a sa'a. Na zaga gidan na gani, ya yi kyau, har labulen nan mai jan ƙasa. Sai dai ɗazu da na ce a ba ni guduma in mayar maka da ƙusar da ta leƙo a bakin ƙofa, na ga maƙwabta ka aika. Zauna in ba ka wani misali.

An yi wani mai sayar da atamfa da ya daɗe a gidan haya, irin mai ɗakuna a jere da tsakar gida ɗaya. A irin wannan gida guduma ɗaya ce ke yawo ɗaki-ɗaki har a manta mai ita. Famfo ya lalace a kira mai gida, ƙofa ta saki a leƙa wa na kusa. Haka ya saba, bai taɓa mallakar ko ƙusa ba, bai kuma taɓa jin ya rasa wani abu ba. Da Allah ya hore masa ya gina nasa a bayan gari, inda gidaje ke jefi-jefi, sai ya zuba kujeru ya shimfiɗa kafet tun ba a kai ga sa silin ba. In an ce ya tanadi kayan gyara sai ya yi dariya, ya ce ai maƙwabcinsa kafinta ne, mutumin kirki wanda bai iya cewa babu ba. Gaskiya ya faɗa kuwa, kafintan bai taɓa hana shi komai ba.

Ana nan damina ta kawo kai, matarsa ta haihu, gwaggonta ta zo daga ƙauye don ta yi mata wankan jego. Ran nan bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta riga ruwa isowa. Bugun farko ta ɗaga fallen kwano ɗaya, daidai saman ɗakin mai jego, ya riƙa tashi yana faɗuwa. Kowa ya san in fallen nan ya tafi sauran za su bi shi, ga jariri ko cibiya ba ta faɗi ba. Mutumin ya ruga gidan kafinta ba ko takalmi. Ya tarar da shi a kan nasa rufin, guduma a hannu, yana fama da nasa kwanon. Kafinta ya leƙo ya ce, "Yi haƙuri, maƙwabci, bari in buga waɗannan in jefo maka." Ba rowa ya yi ba, shi ma iyalinsa ne a ƙarƙashi. Mutumin ya zarce gida na gaba, can ma mai gidan yana sama. A nan ya gane abin da zaman haya ya ɓoye masa: iskar da ta taɓa rufinka ta taɓa na mai gudumar.

Ya dawo hannu rabbana, an fara yayyafi. A tsakar gida ya iske gwaggo ta kife duron da take tara ruwan wanka a jikin bango. Ta miƙo masa gatarin da take faskaren itacen jego da shi, wani tsohon abu da ƙotarsa ta taɓa karyewa aka guntule ta, ta haɗa masa da lanƙwasassun ƙusoshin da magina suka zubar, waɗanda take tsincewa in tana shara don kada a taka. Ta ce, "Hau, ɗan nan. Ƙeyarsa ma guduma ce." Ya miƙar da ƙusoshin a kan bulo, ya taka duro ya haye, ya danne fallen da gwiwa ya yi ta bugu. Sau nawa ya sami ɗan yatsansa, bai ma ji ba. Yana saukowa ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Sai ga kafinta ya shigo a guje, jiƙe sharkaf, da guduma a hannu. Ya cika alkawari, bawan Allah, amma ruwa ya riga shi.

Mutumin ya leƙa ɗaki ya ga jariri na barci a jikin uwarsa, ko ɗigo bai taɓa shimfiɗarsu ba. Ya durƙusa gaban tsohuwa yana ta godiya, ita kuwa ta ce ya tashi ya ba ta wuri, itacenta na jiƙewa. Da aka yi arba'in za ta koma, ta bar masa gatarin. Ya karɓa hannu biyu kamar an ba shi doki. Daga nan duk ranar da ya dawo kasuwa sai ya shigo da wani abu, yau guduma da ƙusoshi, wani makon filaya, can ya samo zarto da sukundireba, tsani kuwa kafintan ne ya haɗa masa. Zumuncinsu bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi, don yanzu aron ya zama a ba ka ka bayar.

Maƙwabcin kirki ni'ima ne, Sadisu, ka gode wa Allah in ka samu, ka riƙe shi da kyau. Amma ranar hadari hannunsa biyu ne kamar naka. Shi ya sa Hausawa suka ce, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.