Shaidar Mai Gyare

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Tun ba a kafa garin Arlit ba, lokacin da kwamandan na Faransi ke hukunci a Agadas, wani Nasara ya sauka a jejin Gugaram da akwatin ƙarfe rataye a wuya. In ya kai akwatin kusa da wani irin dutse rawaya, sai ya hau kuka ƙyar-ƙyar kamar gyare. Makiyaya suka sa wa mutumin suna Mai Gyare.

Ja-gabansa Akoli ne, mai raƙuma. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Tata, a hannun yayarsa Gaji. Tata budurwa ce mai tsiwa, da munduwar azurfa a ƙafa wadda maƙeri ya ɗaure mata tun tana ƙarama. Duk inda ta taka sai ka ji kacau.

Wata rana ta tambayi Nasara, wanda suke kira Mushe kamar kowane Bafaranshe, "Mushe, me kake ba gyaren nan ya ci?"

Ya ce, "Dutse."

Ta ce, "Shi ya sa muryarsa ba daɗi."

To, Mai Gyare yana da abin da ya hana shi sakat. Manyan masanan ƙasarsu sun ce dutsen nan cikin baƙaƙen tsaunukan Abzin kaɗai yake zama. Masana ruwa sun ce ruwa ba ya ɗaukarsa ya yi nisa. Likitoci sun ce ko ya shiga cikin mutum, jiki na fitar da shi. Shi kuwa gyarensa ya yi kuka a fili inda babu tsauni, ya yi kuka a ciyawa, ya yi kuka a ƙashin wata taguwa da ya tsinta. Da ya kai musu labari suka yi dariya, suka ce akwatinsa ya lalace, kuma ƙashin raƙumi ba hujja ba ne.

Inda gyaren ya fi kuka shi ne bakin wata tsohuwar rijiya da aka danne da ƙaya da duwatsu. Haka mutanen wurin ke yi: in rijiya ta sa taguwoyi ɓari, sai a rufe ta, ba mai sake jefa guga. Mai Gyare ya sa aka buɗe. Ya ɗebi ruwan a kwalba, ya ɗaga wa rana, ya ce tas yake. Shekarar fari ce, sauran rijiyoyi sun ja baya, sai Akoli ya kafa tantinsa a nan. Shi dai Nasara ruwan tano, wato ganga, da mota ke kawo masa yake sha, wai cikinsa na baƙo ne. Akoli ma, da yake kullum suna yawo tare, na Nasaran yake sha. Tata ce ke wuni a bakin rijiya da awaki.

Aka kwana aka tashi, yarinya ta fara ramewa, ƙasusuwanta na ciwo. Gaji ta ce, "Ƙanena, mu tashi. Waɗanda suka rufe rijiyar nan ba mahaukata ba ne."

Akoli ya soma naɗe tanti, Mai Gyare ya riƙe masa hannu. "Haba abokina, tafiya ce za ta kashe ta. Na ɗan karanci aikin likita. Ku zauna, a ba ta ruwa da yawa."

Ya kawo shayi da sukari da fararen ƙwayoyi. Kowace safiya ya ɗora akwatin a ƙaurinta, ya saurara, ya yi murmushi ya ce, "Ana samun ci gaba."

Tata ta ce da ubanta, "Abba, gyaren ya fara sona. Da can ba ya kula ni."

Allah sarki, sanyi bai fita ba ta cika. Gaji ta yi mata wanka, ta yi ta fama da munduwa ta ƙi fita, aka rufe ta da ita, aka kewaye kabari da duwatsu. Ran nan suka tashi, don a al'adarsu ba a kwana inda aka yi mutuwa, ba a komawa kabari, ba a sake ambaton sunan mamaci. Mai Gyare ya yi kuka da hawaye, ya ce zai tsaya ya ƙarasa awo.

Da bazara ta kai, ya aiko a kira Akoli. Manyan masana sun sauka Agadas, motarsa kuwa ta lalace. Aka ɗaura wa raƙuma sanduƙan duwatsu masu nauyi. Guda ɗaya ne marar nauyi.

Mai Gyare ya ce da Akoli, "Wannan a kan raƙuminka, abokina. Kai kaɗai na amince wa."

A hanya Akoli yakan ji wani ɗan ƙara a bayansa in raƙumi ya taka. Ya ce ƙarfen sirdi ne, ya ja amawali ya rufe fuska.

A gidan kwamandan masana suka zauna a inuwa. Aka nuna musu duwatsu, suka taɓe baki. Aka nuna ruwa, wani ya yi hamma. Mai Gyare ya ce, "Akoli, kawo na ƙarshe."

Ya rungumo sanduƙin a ƙirjinsa ya ajiye bisa tebur. Tun ba a gama ɗaga murfi ba gyare ya ɓarke da kuka. Masana suka miƙe tsaye. Babbansu ya cire hula, ya kama hannun Mai Gyare da hannu biyu, ya ce yau dole a gyara abin da ake koyarwa.

Akoli ya ji daɗi ƙwarai da abokinsa ya fita kunya. Ya matso ya leƙa, don ya ga irin dutsen da ya ɗauko tun daga Gugaram. Ƙasusuwa ne farare, an jera su a kan auduga, da munduwar azurfa a ƙashin ƙafa ɗaya.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, labari ya koma jejin da ya fito.