Ranar da Ilyasu Ya Yi Shiru a Silima

Duk unguwar Jambutu an san Ilyasu tela da hali guda: in ya riga ka ganin fim, sai ya faɗa maka ƙarshensa tun ba ka gyara zama ba. Saboda bakin nan nasa Iyatu, budurwar da yake nema, ta yi wata uku tana ja masa rai.

Ran Lahadi da la'asar suna zaune a silima ana nuna wani fim ɗin Faransanci na kisan kai, wanda ya riga ya kalla sau uku. Can baya wani ya ɗaga murya, "Ilyasu, wa ya kashe matar?"

Amsar ta taso masa har maƙogwaro. Ya saci kallon Iyatu, ya cika bakinsa da gyaɗa, ya yi gum.

Da ta bayyana ashe ɗan sandan da ke binciken ne ya yi kisan, wuri ya kaure da salati. Iyatu ko gezau.

A bakin ƙofa ya ce, "Bai burge ki ba?"

"Ya burge ni makon jiya, da na kalla tare da yayata."

Ya tsaya sororo. "To me kika zo kallo yau?"

"Kai. Baffa ya ce wanda ya kasa riƙe ƙarshen fim ba zai riƙe sirrin gida ba. Na ce a bar ni in gwada." Ta sunkuyar da kai tana murza bakin gyalenta. "Ka turo manyanka ran Juma'a."

Yau ga ƙarshen da aka riga Ilyasu sani.