Fitilu Shida a Kan Motar Kankana

Sallau, ka kira ni in sa albarka a fitilun da ka jera a kan motarka, to, Allah ya sa albarka. Amma zauna tukuna. Shekara goma sha ɗaya ina shugabancin direbobin tashar nan, bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya, don haka yau misali zan ba ka.

An yi wani direba mai tsohuwar a-kori-kura, irin mai ja da ƙafa huɗu, aikinsa kwaso kankanar manoma daga fadama ya kai kasuwar birni kafin gari ya waye. Hanyar fadamar nan suna ce kawai, sawun shanu ne da kututture da ramuka. Da ya gaji da fasa taya a duhu, sai ya sa aka ɗora masa manyan fitilu shida a kan rufin mota. Gaskiya ɗaya ce, sun yi masa rana. Tun daga nesa yake hango rami, jakin da ya kwanta a tsakiyar hanya ma ya tsira da ransa, kayan manoma suka daina kwana a gona. Har nan babu mai ganin laifinsa. Abin haushin shi ne, in ya baro daji ya hau kwalta, sai hannunsa ya manta inda makunni yake. Mai babur ya sauka gefe yana murza ido, mai keke ya faɗa kwata, shi ko a jikinsa. Jami'an kiyaye haɗurra sun tare shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Suka ce a daji ya kunna abinsa yadda yake so, amma a kan titi ya kashe su ya rufe, don hasken yana kashe wa na gabansa ido. Sai ya ce to, har da rantsuwa, yana shan kwana ya sake kunnawa. Kai ma ka san al'adarmu, in direba ya ƙyafta maka fitila, magana yake yi da kai: ko ka rage haske, ko akwai abu a gaba. Shi kuwa da yake duk motar da ya gamu da ita sai ta ƙyafta masa, sai ya mai da abin wasa. Huɗu yake kunnawa, ya ajiye biyu don ramuwa. Ka roƙe shi ya rage, ya ƙara maka. Wallahi ko yanzu na tuna sai raina ya ɓaci.

Wani dare a ƙarshen damina aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya ɗauko kankanar mutum biyar, wadda ita ce ƙarshen abin da suka noma a shekarar, ya hau kwalta yana sauri. Ashe ruwa ya cinye wani kwalbati a gaba, ya kuma malale wurin har ba a ganin inda titi ya yanke. Wani dattijon direban bas da ya je bakin wurin ya juyo, shi ne ya fara gamuwa da shi. Ya ƙyafta, ya yi ta ƙyaftawa, ya fito da hannu ta taga yana kaɗawa. Gogan naka ya ce ga wani mai kuka ya zo, ya ƙara masa biyun nan. Dattijo ya daina ganin komai, ya gangara gefe ya tsaya. Mota ta biyu ta ƙyafta, ta uku ma haka, duk ya amsa musu da shida yana dariya. Da ya iso wurin, haske ya cika ko'ina kamar da azahar, ruwan yana sheƙi sak jiƙaƙƙiyar kwalta. Fitila tana nuna ruwa, amma ba ta faɗin zurfinsa. Bai ko taka burki ba, mota ta kafa kai a rami. Dattijon nan dai, da ya san abin da zai faru, shi ne ya juyo da bas ɗinsa, shi da fasinjoji suka jawo gogan ta taga da karyayyar kafaɗa. Abin da ya ce masa kawai shi ne, "Ɗana, sau bakwai na kira ka." Da safe manoman suka zo suka tsaya a bakin rafi suna kallon kankanarsu tana bin ruwa ɗaya bayan ɗaya. Inji ya sha ruwa, mota ta tashi aiki. Da shekara ta zagayo, wani mai fitila biyu suka ba kayansu.

To, Sallau, ban ce ka cire fitilunka ba, hanyar garinku sai da su. Kunna su a daji har kurege ya ɗauka gari ya waye. Amma tayarka tana taɓa kwalta, ka kashe su, don wanda kake makantarwa wataƙila shi ne ya san abin da ke gabanka. Na faɗa wa na gabanka sun yi mini kunnen ƙashi, kai ma ga shi na faɗa maka. Hausawa dai sun ce, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.