Shaddar Ango

Hadari ya haɗo daga gabas, iska tana ta fizgar labulen shagon ɗinkin Mufida a Kalgo, ita ma zuciyarta ta ƙi zama wuri ɗaya. Muzzammil, malamin firamaren da zai aure ta bayan girbi, ya iso daga Gwandu a kan babur, ya shimfiɗa farin yadi bisa kekenta. An rubuta a jikinsa da jan fenti: YUNWA TA ISHE MU.

"Kalmashe mini bakinsa, mu sami wurin zura sanda. Da shi za mu fita zanga-zanga gobe."

Tana shafa yadin ta gane shi. Shaddar da ya saya don ranar ɗaurin aurensu ce.

"Baffa ya rantse, in aka gan ka a titi gobe, ya fasa ba ka ni," ta ce, kanta a sunkuye. "Kuma Yaya Lawal yana cikin 'yan sandan da za su tare hanya."

"Na sani. Jiya yara uku suka kife a ajina, Mufida, kuma ba barci ba ne."

"To, ni fa?"

Ya dube ta, ya dubi ƙasa.

Sau uku zare yana kuskure ƙafar allura kafin ya shiga. Ta ɗora ƙafa a kan keke.

"Riƙe mini wancan gefen, Malam. In Baffa ya tambaye ka wa ya ɗinka, kada ka yi masa ƙarya."