Farashin Taibatu

Taibatu ta rasa miji, ta rasa shanun huɗa, ta rasa kunnen hagu, duk a hantsi ɗaya, a gonar gero da ke bayan Morai. Abin da ta samu shi ne suna. Duk Mafara an san matar da 'yan bindiga suka kifa fuskarta a ƙasa, suka yanka mijinta Magaji dab da ita, ta tashi cikin jini ta ja gawarsa har bakin hanya.

Sunan nan ne ya kawo Mas'udu, mai kula da shafin Fesbuk na wani ƙaramin gidan rediyo. Gidan ya kama hanyar mutuwa: matasa sun koma waya, masu talla sun janye. So yake ta ba da labarinta a bidiyo.

Taibatu kuwa mace ce da ko mai gishiri ke gudun ciniki da ita. Ya yi tayi, ta ce albarka. Ya ƙara, ta ci gaba da murza ƙuli-ƙulinta. Ya ɗora buhun shinkafa, ta tambaye shi ko ya ga yunwa a jikinta. Sai da ya gaji da zarya sannan ta faɗi nata farashin. Mas'udu ya fashe da dariya. Ta juyo masa da kunnen dama, ta saurara har ya gama, sannan ta ce an yi ciniki.

Bidiyon ya zaga ko'ina. Ta faɗi yadda aka yi ba ko hawaye, ta ce duk sun naɗe fuska, ba ta ga ta kowa ba.

Kafin maganar ta huce, gidan rediyon ya fito da gasar dariya. Kowa ya ɗauki dariyarsa a waya ya turo ta Watsaf, a sa a iska, gwani ya hau sabon babur. Saƙonni suka yi ta kwararowa daga Bakura, daga Maradun, har daga ƙauyukan da sai an hau bishiya ake samun sabis. Masu talla suka dawo. Alƙaliyar gasa kuwa Taibatu ce, mutane suna cewa madalla, ko baiwar Allah ta samu sanyin zuciya.

Ba ta iya karanta sunaye ba. Kowace la'asar Mas'udu na danna mata saƙonnin dariyar, ita tana manne da wayar a kunnen dama. Ko murmushi ba ta taɓa yi ba. Ranar da aka zo kan ta wani Shehu mai facin taya a Bakura, dariya mai komawa ciki kamar shaƙuwa, ta ce a maimaita. Aka maimaita.

"Wanga na," in ji ta.

Ranar Talata, kasuwa ta cika, aka kafa baburin a fili, Mas'udu ya ɗaga waya, ana kallo kai tsaye. Shehu ya iso cikin sabuwar shadda, baki har kunne. Taibatu ta riƙe makullin babur.

"Malam, yi muna ita nan, in jiya da kunnena."

Ya ɗaga kai sama ya sake ta. Laujen Magaji ya fito daga cikin mayafinta, ya shige maƙogwaron da ke buɗe. Ta finciko. Jini ya wanke tankin babur. Shehu ya durƙushe yana shure-shure, ta ƙara masa a wuya kafin maza su danne ta. Kasuwa ta watse, wayar Mas'udu na ƙasa tana ta ɗauka.

A ofishin 'yan sanda aka zaci hayarta aka yi. Mai bincike ya buga tebur, ya ce ta faɗi nawa aka biya ta.

Taibatu ta gyara mayafi, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ni za a biya? Ran da anka yanka Magaji ban ga huska ba, dariya ɗai na ji bisa kaina. Shi na sa na ce ma yaron rediyo ya riƙe kuɗinai. Farashina guda na: a tara min dariyar ƙasar ga duka, ni ka zaɓe."